Yadda Kulle Ya Sauka a Briketeri

Hausawan farko da suka iso Yawunde maza ne, kuma ba zama ya kawo su ba. Fatake ne masu bin hauren giwa da goro, daga baya kuma roba. Sukan taso daga ƙasar Hausa su yada zango a Yola, su gangaro Banyo da Tibati, su ratsa Yoko su shiga ƙasar Babute. Bajamushen sojan nan Curt von Morgen, da ya keta Kamaru daga kudu zuwa arewa wajen 1890, ya tarar da su suna ciniki a garin Ngila. Da Jamusawa suka kafa sansani a tudun Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, daga bisani Hans Dominik ya riƙe shi da bakin bindiga, sai fataken suka ƙara matsowa kudu. Bariki tana son nama, ga mahauta. Tana son gishiri da allura da tufa, ga 'yan koli. A Janairun 1916 garin ya fita daga hannun Jamusawa, a 1921 Faransawa suka mai da shi hedikwata, jirgin ƙasa daga Duwala ya iso a 1927. Gari ya fara cika, Turawa suka ga zangon Hausawa ya tokare musu tsakiyar gari, sai a shekarun 1930 aka tashe shi zuwa Ekudu, ƙasar Ewondo, gefen wurin da ake gasa tubali. Wurin gasa tubalin nan ne ya ba unguwar sunanta na takarda, Briketeri. Mu dai Birik muke cewa.

Wannan tarihin kowane dattijo a ƙofar babban masallaci zai ba ka shi tiryan-tiryan, har da jerin sarakunan Hausawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne su wa suka haife mu. Falke ba ya ɗaukar amarya ya ratsa dajin Yoko da ita a ƙasa. Wasu sun zo da kuyangi, wasu da matan da suka aura a hanya, da yawa kuma a nan suka nemi aure. In ka bi salsalar tsofaffin gidajen Birik ta wajen uwa, ba ka yin nisa sai ka faɗa cikin Babute ko Ewondo ko Eton ko Bamun. Gidanmu ma haka ne. Kakan mahaifina falke ne, matarsa 'yar Babute. Ɗansu, wato kakana, mahauci ne, ya auro 'yar Ewondo daga wani ƙauye a hanyar Mbalmayo, ta musulunta, aka canja mata suna. Iya muke ce mata. Kuma ban taɓa sanin macen da ta kai ta riƙon kulle ba.

Kishiyarta, Goggo, daga Yola aka kawo ta, gaba da baya 'yar Musulmi. Ita in an yi haihuwa a maƙwabta takan yafa mayafi ta leƙa barka da rana tsaka, ta dawo ba wanda ya ce uffan. Iya kuwa ba ta tsallake zaure sai duhu ya yi, shi ma sai da yaro a gaba riƙe da fitila. 'Yan'uwanta maza in sun zo daga ƙauye da agade da rogo, a zaure suke tsayawa, ta fito bakin labule su gaisa da yarensu ƙasa-ƙasa. Da na yi wayo na taɓa tambayarta dalili. Ta ce: "'Yar nan, Goggonku in ta fita, ta fita ne kawai. Ni in na fita cewa za a yi halin gidansu ne ya motsa."

Amma akwai ranakun da maza suka tafi mayanka, sai ta sa mu tsinko mata ganyen rogo, ta daka shi lilis, ta tace ruwan ƙwarar manja ta zuba, ta dafa a wata 'yar tukunya da ba a taɓa yin miyar gida a ciki ba. Kwem ke nan, abincin Ewondo, ba a sa masa gishiri. Mu jikoki mu kewaye ta da dafaffen rogo, Goggo na gefe tana tsaki tana cewa wannan ai abincin awaki ne, can kuma sai ka ga ta miƙo hannu.

Da na shiga karatun digirin digirgir na zaɓi in yi kundina a kan matan unguwarmu, sai na tarar ashe fiye da shekara saba'in ke nan masu irin wannan karatu suna shiga gidajen Hausawa da littafin rubutu a hannu. Ta Baba ta Karo aka fara. An haife ta wajen 1877 a ƙauyen Karo kusa da Zarewa, ta ga zuwan Turawa da idonta. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa da Zariya tana rubuta tarihin rayuwarta da Hausa. Mijin Mary, M. G. Smith, mutumin Jamaika, shi ne mai neman digirin, yana bincike kan ƙasar Zazzau. To amma namiji iyakarsa zaure, matar ce ta iya shiga ciki. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Ni a ganina har yau ba a yi wanda ya kai shi ba, don kuwa tsohuwar ce ke magana, Baturiyar ba ta cika katse ta ba.

A rubuce-rubucen Smith na ga ya kasa aure gida uku yadda mutanen Zazzau suka faɗa masa: auren kulle, auren tsari, da wanda malamai ke kira auren jahilai, inda mace ke fita gona da rijiya da kasuwa. Ya kuma nuna cewa kulle bai zama ruwan dare a gidajen talakawa ba sai bayan da bauta ta fara mutuwa. Dokar Lugard ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. A da noman mace a gona alamar baiwa ce. Da bayi suka sami kansu, matansu suka ajiye fartanya suka shige gida, don kowa ya shaida su ma 'ya'ya ne. Sarakuna da attajirai da malamai sun daɗe suna kulle matansu, wannan ba gardama. Amma kullen mai ƙaramin ƙarfi, a ƙarni na ashirin ya yaɗu.

In haka ne, fataken da suka baro gida a shekarun 1890 ba su ɗauro kulle a cikin kayansu yadda muka san shi ba, don ƙasar da suka baro ita kanta ba ta gama shigarsa ba. Shi da unguwarmu kusan tare suka girma. Ya riƙa sauka ne kaɗan-kaɗan: ta bakin malaman da ke zuwa ci-rani su zauna, ta hannun alhazai, ta amaren da aka fara kawowa daga arewa da hanyar mota ta samu. Bayan 'yancin kai a 1960, Ahmadu Ahijo, mutumin Garwa, ya zama shugaban ƙasa, ma'aikata da sojoji 'yan arewa suka cika Yawunde da iyalansu, mutanen Birik suka ga yadda manya ke ajiye matansu. A 1974 layin dogo ya kai Ngaundere, kawo amarya daga arewa ya zama tafiyar dare ɗaya. Tsofaffin matan da na zauna da su duk bakinsu ɗaya a kan wannan: iyayensu mata sun fi su fita, su kuma sun fi 'ya'yansu zama.

Me ya sa kulle ya fi kama ƙasa a zango, nesa da gida? Abner Cohen ya ba da tasa amsar. Ya zauna a Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, littafinsa ya fito a 1969. Ya ce Hausawan Sabo sun riƙe cinikin goro da shanu ne da amana da bashi, ba takarda ba kotu, kuma amana ba ta tsayuwa sai an san wane ne namu. Shi ya sa suka ƙara ƙaimi a kan duk abin da ya bambanta su da Yarabawa: harshe, sutura, ɗarikar Tijjaniyya da suka shiga a farkon shekarun 1950, masallacin Juma'arsu daban, da kullen mata. Bayarabiya tana kasuwa, Bahaushiya tana ɗaki. A nan ma haka. Je ka kasuwar Mokolo da asuba, ga ta nan kusa da mu, ka ga matan da ake kira bayam-selam suna sauke buhunan rogo daga mota, suna sa-in-sa da direba. Mahaucin Birik da matarsa ba ta fita, shi ne mai mutuncin da dillalin shanu zai ba shi sa bashi.

Cohen ya yi gaskiya, sai dai daga zaure ya hango abin. A wurinsa mace iyaka ce da maza suka shata. Bai tambayi wadda ke bayan labulen me ita take samu ba. Iya ta ba ni wannan amsar ba tare da na nema ba, wata rana muna tsinke zogale. Ta ce tun tana 'yar ƙanƙanuwa take goya kwando a baya daga gona zuwa gida, da igiya a kafaɗa, itace a sama rogo a ƙasa. Uwarta da shi ta tsufa, bayanta ya lanƙwashe. "Ranar da aka kawo ni gidan nan na ga ruwa ma yaro ke ɗebowa, na ce to, ni da kwando har abada." Abin da 'yantattun bayin Zazzau suka yi da fartanya, shi 'yar Ewondo ta yi da kwandonta, shekaru da dama bayansu, a wata ƙasar daban. Kulle shi ne ƙofar da ta bi ta zama Bahaushiya, kuma ta biya kuɗin shiga fiye da wadda aka haifa a ciki.

Ba ina wanke al'adar ba ne. A layinmu an yi matar da ta kwana tana naƙuda ba a kai ta asibiti ba don maigida ya yi tafiya ba wanda zai ba da izini, da gari ya waye sai gawa biyu. An cire yayyena mata daga makaranta suna tsaka da ƙoƙari. Wanda duk zai rubuta tarihin kulle ya tsallake waɗannan, ya ci amanar matattu. Wanda kuma zai rubuta su kaɗai, ya mai da kakanninmu gumaka marasa dabara, shi ma bai faɗi gaskiya ba.

Enid Schildkrout ta fi kusa da abin da na gani. Kundin digirinta a Kambirij kan zangon Kumasi ta yi shi, littafin ya fito a 1978. Mosawa ta bi, 'yan asalin ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, ta nuna yadda 'ya'yansu da aka haifa a zango suka tashi da Hausa a baki da ɗabi'un zango, har mutanen gari ba sa bambanta su da Hausawa. A Yawunde ma ɗan kudu duk wanda ya gani da doguwar riga da hula Hausa yake ce masa, ko Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Bamun daga Fumban, ko tela ɗan Senegal, ko mai shayi ɗan Nijar. Mu a ciki mun san bambancinmu sarai, musamman ranar neman aure. Amma yaro da wane harshe zai tashi, wane tuwo zai saba da shi, yaya zai durƙusa ya gai da babba, duk a tsakar gida ake yanke wannan, a hannun matan da rabinsu su ma koya suka yi. Hausar Iya har ta rasu ba ta miƙe ba, tana mai da namiji mace, mace namiji, muna dariya a ɓoye. 'Ya'yanta tara kuwa ba wanda ya iya Ewondo in ban da gaisuwa. Da gangan ta hana su.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne masu bincike suka fi daɗewa ba su gano ba. Jami'in da ya zo ƙirga masu sana'a yakan tsaya a bakin titi: ga masu tsire, da har mutanen gari suka laƙaba wa layinsu ma'aikatar soya, ga masu kilishi, ga teloli da masu surfani, ga shagunan shadda da atamfa. Duk maza. Ya rubuta mata ba su da aikin yi ya wuce. Polly Hill ce ta fara tona wannan a Batagarawa kusa da Katsina. A 1969 ta buga maƙala kan cinikin ɓoye na ƙasar Hausa, ta nuna hatsin da ake saye da sayarwa a cikin gidaje ta hannun matan kulle kasuwa ce guda mai zaman kanta. Schildkrout kuma da ta koma Kano a shekarun 1970 ta nuna cewa ƙafar wannan kasuwa yara ne, 'yan talla, kuma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 zai taɓa aljihun uwaye kafin ya taɓa na kowa.

Ni ma na ɗauki farantin. Kafin in tafi makaranta sai na kai wainar Iya layin teloli, kuɗin a ƙulle a bakin zane, in dawo ta ƙirga a gabana. Goggo dakuwa da alkaki take yi. Matar wan babana tana saƙa huluna. Akwai wata dillaliya, tsohuwa ce da ta wuce kulle, kullum da ƙunshi a ka. Ita ce ke shiga gida-gida da atamfa da sarƙa da turaren wuta, ita ke karɓar zubin adashi, ita ke sanin wace yarinya ta isa aure, wace mata ke shirin yaji. In mace ta matsu ta ba ta 'yan kunnenta ta sayar mata, miji bai sani ba, kishiya ba ta ji ba. Ribar kuma ba banki take zuwa ba. Kwanuka ake saya, da tasoshi da kumbuna, a jera su a kabad har rufi, ranar auren 'ya a kwashe a kai mata. Cohen ya ga irin wannan a Sabo, tasoshi masu launin tagulla ƙirar Cekoslobakiya, ya ɗauke su dukiyar da aka binne. Bai lura ba cewa ranar da aure ya mutu su ne kaɗai abin da ba mai ce wa mace ajiye.

An ga amfaninsu a 1993, da gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ma'aikacin da ke tsayawa sayen tsire da yamma ya daina tsayawa, mai ɗinka sabuwar shadda ya koma gyaran tsohuwa, kayan da ake shigowa da su suka ninka kuɗi. Gidaje da yawa a Birik da kuɗin waina da ɗaukar adashi suka ci abinci a shekarun nan. Kabad ɗin Iya a lokacin ya ragu da rabi. Maza ba sa son a tuna musu, ni ma ba a gabansu nake faɗa ba.

Akwai kuma ɓangaren tarihin da in na taɓo shi tsofaffi kan yi shiru su dubi ƙofa. Zangon da maza suka fi mata yawa ba ya rasa gidan mata. Renée Pittin, wadda ta yi bincikenta a birnin Katsina a farkon shekarun 1970 ta kare kundinta a Landan a 1979, ta nuna cewa karuwanci a wancan zamanin sau da yawa zango ne a rayuwar mace, ba makoma ba: aure ya mutu, ta ƙi zaman gidan iyaye, ta tafi wani gari ta yi zaman kanta ƙarƙashin magajiya, ta tara abin hannunta, ta sake aure, wata ma ta je Makka ta dawo Hajiya. Cohen ya ga haka a Sabo. A nan ma wasu daga cikin matan farko da suka zo daga ƙasar Hausa da ƙafarsu ba amare ba ne, zawarawa ne masu zaman kansu, masu tuwon sayarwa, kuma wasunsu sun mallaki gidaje da sunansu. Jikokinsu na nan, mutanen kirki, kuma ba ni ce zan tona musu asiri a kundi ba.

Haka batun 'yan daudu. Rudolf Gaudio ya yi kundinsa a kansu a jami'ar Stanford a 1996, bayan zaman da ya yi a Kano, littafin ya fito a 2009. Ya bi yadda suke magana, da sana'arsu ta dafa abinci a tasha da kasuwa, da zamansu kusa da matan da ke zaman kansu, da yadda abubuwa suka ƙuntata musu bayan dawo da shari'a a 2000. Duk wanda ya tashi a zango ya san irin mutanen nan, ya ci abincin hannunsu a gidan biki. To amma a Kamaru sashe na 347-1 na dokar laifuka ta 2016, wanda ya gaji wani sashe na 1972, ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar ga wanda aka kama da tarayya da jinsinsa, kuma zargi kaɗai ya isa ya jawo wa mutum duka a titi. Ba kowane ɗan daudu ne abin ya shafa ba, amma ɗan sanda ba ya tsayawa bambancewa. Ɗalibin da ya zo daga Turai da rikoda ya yi wata shida ya koma a ba shi digiri, wanda ya yi masa magana shi zai ci gaba da kwana a unguwar. Shi ya sa na bar wannan babin a 'yan shafuka, ba suna, ba kwatancen gida.

Kullen da na tashi na gani yanzu saura kaɗan, kuma ba masu rajin 'yancin mata ne suka karya shi ba, ko da yake suna son a ce su ne. Makarantar boko ta ɗauke 'yan talla, mace ta rasa ƙafa. Sannan Islamiyya ta zo. A Nijeriya ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta matsa a kan karatun matan aure, matan Musulmi kuma suka kafa FOMWAN a 1985. Iskar ta kaɗo har nan ta kaset da littattafai da ɗaliban da suka dawo daga Madina. A 1997 aka buɗe babban masallacin Tsinga da kuɗin Saudiyya, tafiyar ƙafa daga gidanmu. Miji zai iya hana matarsa zuwa kasuwa, amma da wane baki zai hana ta zuwa koyon Alƙur'ani? Sai mata suka fara fita da la'asar rukuni-rukuni, cikin dogon hijabi maimakon mayafi. Katangar ce aka ɗinka aka sa a jiki. Daga Islamiyya aka zarce asibiti, aka zarce taron iyayen yara, aka zarce Duwala da Dubai sarin kaya. Yau ƙanwata daga kan gadonta take ciniki: ta ɗora hoton atamfa a WhatsApp, a turo kuɗi ta Orange Money, ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ya kai kaya. Ba ta cikin kulle, amma ta fi Goggo zaman gida.

Hijabin ma ya zo da nasa nauyin. Bayan hare-haren ƙunar baƙin wake a Fotokol a Yulin 2015 aka hana rufe fuska a jihar Arewa Mai Nisa, tsoro ya gangaro har Yawunde. A watannin nan in na tare tasi da dogon hijabi, sau da yawa direba ya dube ni ya taka mota. Suturar da ta fitar da mu daga gida ita ta sa aka riƙa nuna mu da yatsa a gari.

Wahalar rubuta duk wannan ita ce takarda ba ta san matanmu ba. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa za ka sami fatake da haraji da shanu da rigimar fili. Mata sai dai a lissafin kawuna. Dalili kuwa a fili yake. Aurenmu a masallaci ko a zaure ake ɗaura shi, waliyyi da wakili da shaidu, a raba goro da alewa a watse. Dokar rajistar jama'a ta 1981 kuwa auren da aka yi gaban magajin gari ta sani, inda ake tambayar ango da amarya a rubuta ko mace ɗaya ko fiye. Ita ce dokar da ta sa shekarun auren yarinya 15, ta kuma ba miji damar hana matarsa sana'a in ya ce don amfanin gida ne. Gidaje da yawa a Birik ba su taɓa taka ofishin ba. Iya ta yi fiye da shekara arba'in a ɗakinta, a idon hukuma ba ta taɓa aure ba. Muddin rabon gado ya tsaya a hannun malamai ba matsala. Ranar da wani ɗa ya kai magana kotu, ko hukuma ta zo rusau za a biya diyya, ko za a karɓi fanshon mamaci, a ranar ake tambayar bazawara takardar da ba ta da ita.

Saboda haka hira ce jarina, hirar kuma da Hausa da Fulatanci ake yinta, ni in juya ta zuwa Faransanci don malaman da za su zauna su saurari kariyar kundin. Tsarin bincike ya ce kowace mace sai ta sa hannu a takardar amincewa kafin in kunna rikoda. Matan da suka yi shekara hamsin suna juya dubban ɗaruruwa ba su taɓa sa hannu a komai ba, ganin biro kaɗai ya isa su ce kansu na ciwo. Sai na koma neman amincewar da baki, in naɗa. Tambayarsu ta farko kullum ita ce ko ƙungiya ce ta aiko ni, za a raba wani abu. In na ce karatu ne, sai a ce: "Har yanzu ba ki gama ba? Sa'anninki suna aurar da 'ya'ya."

'Yar dillaliyar nan ta gidanmu, wadda ita ma yanzu ta tsufa ta gaji ƙunshin uwarta, ta ba ni hira mafi tsawo. Ta lissafa min gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, wace uwargida daga ina aka kawo ta, wa ta musulunta a hannun wa, wa ta sayi fili da kuɗin fura. Da muka gama na kashe rikoda ina godiya, sai ta riƙe min hannu ta ce: "Malama, ni ba godiya nake so ba. Ke da kika iya Faransanci, ranar Litinin ki raka 'yata da mijinta ofishin magajin gari a yi musu takardar auren nan. Shi ya yarda, layin ne yake jin kunya." Muka je. Da ma'aikacin ya zo kan tambayar mace ɗaya ko fiye, angon ya ce fiye tun kafin a rufe baki, ita kuma ta ce a rubuta, amma a ba ta takardar ta riƙe a wurinta.